Ranar da Malama Ta Shigo Aji da Hanta

Shekaranjiya da la'asar jikata ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta zauna kusa da ni a kan tabarma, ta ce in riƙe mata littafi ta yi mini hadda, suna da jarrabawa. Na karɓa, na sa tabarau. Sai na ji yarinya ta buɗe baki tana zuba yadda giya ke shiga jini, da yadda take hawa ƙwaƙwalwa, da yadda take lalata hanta. Ubanta yana zaune gefe yana latsa waya, ko kai bai ɗago ba. Da ta kakare a wani wuri ma shi ya miƙa mata wayar, wai ga hoton hanta nan mai motsi, ta duba ta gane. Ni kuwa littafin ne ya soma rawa a hannuna. Ta tambaye ni ko fanka ce ta yi mini yawa, na ce mata tsufa ne kawai. Ban iya gaya mata ba cewa wannan darasin da take rerawa kamar sunayen garuruwa, a zamaninmu sai da ya girgiza gidanmu tun daga zaure har madafi.

A unguwar Ƙofar Dundaye aka haife ni, a gidan ƙasa mai zaure biyu, wanda yanzu an rushe gabansa an jera shagunan kayan waya. Mahaifinmu malami ne na manyan littattafai. Bayan asuba da bayan la'asar zaurensa na waje cike yake da magidanta, masu hatsi da masu yadi da 'yan koli, kowa da littafinsa a gafaka yana jiran a zo kansa. Mu daga cikin gida muryar Baba kawai muke ji, yana jan Larabci yana fassarawa, su kuma suna amsawa a hankali. Da wannan muryar muke tashi, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da amon taɓarya daga gida uku ko huɗu a lokaci guda, har kana iya gane dakan wace ce ba ka leƙa ba. Dakan Inna yana da nauyi da jinkiri. Na Gwaggo, ƙanwar Baba da take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, yana da sauri kamar mai faɗa da turmin. Yau in na farka ba na jin komai sai janareto da hon ɗin babura, turmin gidan nan kuwa ya zama kujerar yara. A wancan gidan akwai kalmomin da ba a furtawa. Ban taɓa jin an ce giya a tsakar gidanmu ba. In dole ta sa a ambace ta, sai a ce abin nan na bariki, a tofar da yawu gefe. Gwaggo takan tuna mana safe da yamma cewa mu ba kamar sauran yaran unguwa muke ba, duk abin da muka yi a kan rawanin Baba yake sauka.

Aikina a gida wanki ne da guga, kuma kayan da na fi wankewa na Yaya ne, babban wanmu. Shi ne na farko a gidanmu da ya yi boko har ya zama akawu a wani ofishin gwamnati, shi ne kuma ya yi ta bin Baba da magana har aka bar ni na wuce firamare. 'Yar boko yake kirana, in ya dawo daga aiki yakan riƙo mini alawa ko fensir. Duk Asabar nakan baje fararen rigunansa a bakin rijiya, in wanke, in sa bula, in shanya, da yamma in hura gawayi a dutsen guga. A wurin wankin nan na fara jin wani wari a wuyan rigunan, mai tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana, yana ɓoye a ƙarƙashin turare da kanumfarin da Yaya ya koma taunawa kullum. Ban san warin mene ne ba, don ban taɓa jin irinsa ba. Daga baya hankicinsa ya fara zuwa da jini, aka ce haɓo ne na zafin bazara. Hannuwansa suka sirance, ciki kuwa ya yi ta fitowa, har sau biyu na aika da wandunansa wurin tela aka buɗe ƙugu. Takalminsa na zuwa ofis ya daina shigarsa, ya koma silifa. Farin idonsa ya yi rawaya kamar an ɗiga masa ruwan gangamau. Inna ta ce shawara ce. Gwaggo ta ce sammu ne, 'yan ofis ne suka ga yaro yana yin gaba. Aka jera tukwanen jiƙo a bayan ɗaki, sassaƙe da saiwoyi iri-iri, ga rubutun da Baba yake wankewa da hannunsa. Yaya yana karɓa ya shanye ba musu, ya goge baki, ya hau kekensa ya fita, ba a sake ganinsa sai an rufe zaure.

Lokacin ina aji huɗu a makarantar 'yan mata. Malamarmu ta kimiyya 'yar Zariya ce, doguwa, ba ta da yawan dariya, ta yi aikin jinya a asibiti kafin ta koma koyarwa. Mukan kwaikwayi Hausarta a bayan idonta, ita ma takan ce rabin abin da Sakkwatawa ke faɗa sai ta kwana take gane shi. Ba mu da hoto mai motsi a lokacin, ba mu da komai sai baƙin allo da alli da abin da malama ta iya ɗaukowa da hannunta. Wata Talata da hantsi ta shigo riƙe da kwano a rufe da kwalba da ƙwai guda. Ta buɗe kwanon, sai ga hantar akuya sabuwa tana sheƙi, ta mahauta ta biyo ta saya. Muka yi dariya, wata ta ce ko suya za a yi. Malama ta juya ta rubuta kan darasi a allo da Turanci, sannan ta faɗe shi da Hausa don kada wata ta ce ba ta gane ba, giya da abin da take yi wa jini da hanta. Na ji ta bayana tana neman tsari a hankali. Wata yarinya, 'yar wani babban gida, ta miƙe ta ce mu Musulmi ne, ba mu da buƙatar wannan karatun, kuma za ta faɗa a gida. Malama ta ce ta zauna, in ta je ta faɗa. Sannan ta dube mu duka ta ce:

"Hukuncinta kun riga kun sani, malamanku na addini sun koya muku, ni ma a nan na tsaya. Abin da ba a koya muku ba shi ne yadda take kashe mutum alhali yana tafiya da ƙafarsa. Wata a cikinku za ta yi aikin asibiti, wata za ta haifi 'ya'ya maza. Ku buɗe littafi."

Ta ce tuwo in an ci sai ciki ya gama aikinsa kafin ya shiga jiki, amma giya ba ta jira, ratsa bangon ciki da na hanji take yi ta faɗa cikin jini, kafin a jima jini ya kai ta ko'ina har ƙwaƙwalwa, shi ya sa harshe ke nauyi, ƙafa ke harɗewa. Ta ɗaga hantar sama ta ce wannan ita ce mai tace jini, duk dafin da ya shiga jiki wurinta ake kai shi, kuma kaɗan-kaɗan take iya aikin, wanka ko shayi ba sa ƙara mata sauri. In aka yi ta ɗora mata kullum, sai kitse ya fara taruwa a cikinta, sai ta kumbura, sai ta yi tabo, tabon ya yi ta yaɗuwa har ta ƙanƙance ta yi tauri, jini ya kasa ratsa ta. Ta fasa ƙwan ta zuba farinsa a faranti, ta tsiyaya masa ruwan kwalbar, sipirit ne irin wanda ake goge wurin allura da shi. Muna kallo ya yi fari ya dunƙule kamar an dafa shi, ga shi ba wuta. Ta yanki hanta kaɗan ta jefa a cikin sauran ruwan, ta ce mu duba kafin a tashi. Ta ce wannan misali ne kawai, a jikin mutum abin shekaru yake ɗauka, kuma da fari ba ya ciwo, shi ne sharrinsa. Daga nan ta koma allo ta ce mu rubuta alamomin hantar da ta gaji.

Na rubuta na farko, ido ya yi rawaya. Na rubuta na biyu, ciki ya tara ruwa, ƙafafu su kumbura. Da ta zo kan cewa jini yakan daina daskarewa da wuri, mutum ya yi ta haɓo, ƙaramin yanka ya yi ta zuba, sai na ji bencin da nake kai kamar ya yi ƙasa da ni. Hannuna ya ci gaba da rubutu, amma ba allo nake gani ba, Yaya nake gani yana fama da takalmi a bakin ɗakinsa. Na ɗaga hannu na tambaya ko babu wani abu da ke kawo waɗannan alamomin sai giya. Malama ta ce akwai, ciwon hanta yana da dalilai da yawa, likita ne kaɗai zai iya rabewa. Na ji sanyi a raina, na ce to shi ke nan, shawara ce kamar yadda Inna ta faɗa. Da aka kaɗa ƙararrawa muka taso muka kewaye teburin. Yankin hantar ya koɗe, ya yi tauri kamar guntun fata. Na sunkuya in duba da kyau, sai warin ya bugi hancina. Ba daidai yake da na rigunan Yaya ba, wannan ya fi kaifi, amma na san shi, kamar yadda kake gane ɗan gida ko ba ka taɓa ganinsa ba saboda kamarsa da 'yan'uwansa. Ban san yadda fuskata ta yi ba. Na dai ji Malama ta ce kowa ta fita, ni in tsaya in taya ta kwashe kaya.

Ba ta dube ni ba, tana goge faranti ta ce:

"Ban tambaye ki ko wane ne ba. Amma in akwai shi, jiƙo ba zai yi masa ba, ƙara wa hantar aiki yake. Kuma wanda ya daɗe yana sha, ba a raba shi da ita rana ɗaya a gida. Jikinsa zai kama rawa, ya riƙa ganin abin da babu, yana iya faɗuwa ya mutu. Asibiti ake kai shi. Rubuta wannan ma."

Na rubuta a gefen shafi, da ƙananan haruffa.

Kwana uku na yi da maganar a cikina. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da suke gaya wa ubansu ya yi kuskure suna kallon idonsa. Mu an tashe mu a kan cewa ƙanwa ba ta ɗaga murya a kan wanta, balle ta ɗora masa abin da ko sunansa ba a faɗa. In na yi shiru, ga Yaya yana shanye kofin jiƙo uku a rana a gabana. In na yi magana kuma ta zama ba haka ba, na yi wa ɗan malam ƙazafi, kuma mutumin da ya tsaya mini na yi karatu. Ranar Juma'a da hantsi na sami Inna ita kaɗai a madafi tana tace sabon jiƙo. Na durƙusa kusa da ita kamar zan taya ta, na ce da ita ciwon Yaya ba shawara ba ce kawai, ina jin abin nan na bariki yake sha.

Ta ajiye matacin a hankali. "Mi kic ce?"

Na maimaita. Ban ga tahowar hannunta ba, sai dai na ji kunnena ya ɗauki ƙara. Inna ba ta taɓa marina ba kafin ranar, ba ta kuma sake ba.

"Abin da anka tura ki koyo ke nan? Ki zo ki aza ma wanki sharri cikin gidan ubanki?"

Ashe Gwaggo tana bakin ƙofa. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a magana ta isa wurin Baba, kuma da la'asar, da yake ranar babu karatu, ya aiko a kira ni zauren ciki, in zo da littafina. Ban taɓa zama a wannan zauren ba, sai dai in share in fita. Na same shi a kan buzunsa, Gwaggo tana tsaye a bayan ƙofa. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ko a ranar bai canza ba.

"Uwata, karanto min abin da anka koya muku. Kak ki ƙara, kak ki rage."

Na buɗe littafin. Ina karanta layi da Turanci ina mayar da shi Hausa, kamar yadda na saba jin yana yi wa ɗalibansa, shi kuma ya rufe ido yana saurare. Da na zo kan alamomin, na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Na karanta har abin da ke gefen shafi. Muna nan zaune muka ji ƙarar keken Yaya, ya shigo canza riga. Baba ya kira shi, ya yi masa tambaya ɗaya tak, a hankali, har da kiran abin da sunansa, karo na farko da na ji kalmar a bakinsa. Yaya bai dubi Baba ba, ni ya duba. Sannan ya durƙusa ya sunkuyar da kai, kowa ya gane.

Baba ya yanke hukunci nan take. Yaya zai zauna a ɗakinsa a kulle har abin ya fita daga jikinsa, za a aika ofis a ce ba shi da lafiya, kuma maganar ba za ta wuce ƙofar gida ba. Gwaggo ta ƙara da cewa makarantar da ake koya wa 'ya'yan mutane zancen mashaya ba wurin zuwa ba ce, Baba bai musa mata ba, ya ce in dakata da zuwa tukuna. Na buɗe baki in tuna masa abin da ke gefen shafi, Gwaggo ta ce abin da na jawo ya isa, in tashi in ba mutane wuri.

Ranar farko lafiya lau. Ni aka ba abincinsa in kai, Inna ta buɗe kwaɗo na shiga. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ajiye kwano zan fita, sai na ji ya ce, "Kin kyauta, 'yar boko." Wannan ne karo na ƙarshe da ya kira ni da sunan. Rana ta biyu na miƙa masa ruwa, hannunsa yana kaɗawa har rabin kofin ya zube a ƙirjinsa, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Na gaya wa Inna, ta ce zafin gari ne, amma na ga ita ma ta kasa zama wuri ɗaya. Rana ta uku bayan azahar muka fara jin muryarsa. Wai kunamu suna saukowa daga bango, wai ga mutane a taga suna leƙensa. Gwaggo ta ce to ga shi nan, sammun ne ya fito fili, dama ta faɗa, ta kawo garwashi ta zuba hayaƙi ta tura ta ƙarƙashin ƙofa. Aka yi la'asar, ɗaliban Baba suka cika zauren waje, muryarsa ta fara tashi kamar kullum, sai dai ya fi ɗaga ta, na san don ta rufe ta Yaya ne. Can muka ji faɗuwar abu mai nauyi. Inna ta buɗe ɗakin, muka same shi a ƙasa jikinsa yana fizga, ya ciji harshe, jini yana zuba ta gefen baki ya ƙi tsayawa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki littafina na ratsa zauren ciki na faɗa na waje, wurin da tunda na girma ban taɓa shiga da maza a ciki ba. Ko mayafi ban ɗauka ba, ɗankwali ne kawai a kaina. Magidanta kusan ashirin suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Baba ya tsaya a tsakiyar jumla.

"Baba, shi na abin da Malama tac ce. In ba a kai shi asibiti ba mutuwa za shi yi."

Ya dube ni. Ina jin kukan Inna daga ciki, su ma mutanen suna ji. Sai ya rufe littafin da ke gabansa, ya juya wurin wani ɗalibinsa mai sayar da hatsi wanda yake da a-kori-kura, ya ce masa don Allah ya kawo motar bakin ƙofa. Gidanmu ba shi da wata hanyar fita, don haka ta cikin zauren nan aka fito da Yaya a kan tabarma, mutum huɗu suna riƙe da shi, rana tana sama, maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu. Baba ya shiga gaba, ni da Inna muka hau baya, kan Yaya yana kan cinyarta.

A asibiti babu wani ɗaki na sirri. Gado ne a cikin dogon ɗaki, labule ma babu, ga masu jinya, ga mai hatsi da mutum biyu da suka biyo mu. Likitan yaro ne matashi. Ya buɗe idon Yaya ya duba, ya danna cikinsa, ya dubi hannuwan da ke rawa, sannan ya tambaya ko yana shan giya. Inna ta riga kowa, ta ce subhanallahi, gidan malamai ne. Likitan bai yi mata gardama ba, ya juya wurin Baba ya ce a yi haƙuri, ba don tonon asiri yake tambaya ba, maganin da zai ba shi ya danganta da amsar, kuma babu lokaci. Na ga mai hatsi ya ja baya kaɗan yana kallon ƙasa, kamar yana ba Baba wurin da zai faɗi abin da ya ga dama. Baba bai rage murya ba.

"Shina sha, likita. Yau kwana ukku da nih hana shi."

Likitan ya kira ma'aikaciyar jinya, aka yi allura, aka ɗaura ruwa. Kafin magariba fizgar ta lafa. Yaya ya yi makonni a asibitin, aka zuƙe ruwan cikinsa, aka hana jiƙo ko cokali. Likita ya gaya wa Baba cewa hantar ta riga ta yi tabo, kuma abin da ya yi tabo ba ya komowa, da an zo da wuri da wani zancen ake yi. Amma sauran za ta iya riƙe shi in bai sake taɓa abin ba.

Gari kuwa ya ji. Zauren Baba ya ragu, wasu sun yi mako biyu sun dawo, wasu har ya rasu ba su sake takowa ba. Bai taɓa tambayar inda suka shiga ba, wanda ya zo ya karantar da shi. Gwaggo ta yi wata ba ta amsa gaisuwata. Ranar Litinin ta biyu Baba ya gan ni ina shara da hantsi, ya tambaye ni me nake yi a gida, ba makaranta ne, na ajiye tsintsiya na je na sa kayan makaranta. Malama ta gan ni ta tambaye ni kalma uku, an kai shi? Na ce an kai. Ta gyaɗa kai ta ce in ari littafin wata in kwafi abin da ya wuce ni. A ƙarshen shekarar aka canza mata wurin aiki, aka ce ƙarar da iyayen yarinyar nan suka kai ce, ban kuma sake ganinta ba.

Yaya ya bar ofis, ya koma sayar da yadi a kasuwa. A iya sanina bai sake sha ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, ya yi shekara goma sha ɗaya, sannan hantar ta zama ajalinsa. Tsakanina da shi gaisuwa ce da mutunci, in na haihu yakan zo suna, amma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Ko ya yafe mini, ko yana ganin akwai abin yafewa, ban sani ba.

Inna ta yi tsawon rai, a gidana da ke unguwar Gidan Dare ta ƙare kwanakinta. Wata safiya ina yanke mata farce, idonta ya riga ya tafi, sai ta ce tana tuna marin nan da ta yi mini a madafi. Na ce ai na manta. Ta ce ita ba ta manta ba.

"Ba don kin yi ƙarya nim mare ki ba. Na riga ki sani da shekara biyu. Ni ka buɗe mishi ƙohwa in ya dawo."

Na tsaya da reza a hannu. Shekara biyu, na ce a raina, na tuna abin da likitan ya faɗa.

"Na aza zunubi na kawai," in ji ta. "Zunubi kuwa ana tuba. Nic ce in ruhe mishi asiri har Allah shi shirye shi. Babu wanda yag gaya min cin shi takai daga ciki. Da an kai ni makarantar nan taku ko rana guda, da ranar darasin hantar nan anka kai ni."

Ta miƙo mini ɗaya hannun. Na kama na ci gaba da yankan, a hankali ƙwarai, don ba na ganin farcen sosai.